Samarin Nima da Maamobi, ku riƙe filin Kawukudi da kyau

Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar filin Kawukudi na nan Accra nake so mu yi, kuma da ku nake 'yan bes, wato samarin da ke zaman majalisa a unguwa.

Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ya san yadda gidajenmu suke, ɗaki manne da ɗaki, lungu ma sai ka karkace kafin ka wuce, ga gota a tsakiya, to ina yaro zai yi gudu in ba a filin nan ba? Nan ake ƙwallo, nan ake taron siyasa, nan ake wa'azi, ga kuma babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021 kusa da shi. Mohammed Kudus ma da ake ta alfahari da shi, a ƙungiyar ƙwallo ta Strong Tower ta Nima ya fara, a ƙasa da ƙura, kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi har ya kai Ajax a 2020. Da ba fili da wa zai gan shi?

Amma dubi abin da muke yi wa wurin. An sha piyo wata an watsar da leda, dare ya yi an mai da gefen fili bola da bayan gida, wasu kuma sun samu wurin shan wiwi da tiramol a gaban ƙannenmu. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne manya su zo su kori yara 'yan shekara goma daga fili, wai su ne za su buga. Haba! Kai da aka bari ka buga lokacin kana yaro? Sannan an tashi wasa, gol ɗaya kawai, an fara jifa da duwatsu.

Ku je ku ga Efua Sutherland Children's Park, wanda ke kallon National Theatre. Tun 1979 aka yi shi don yara, har da ɗan jirgin ƙasa na wasa, amma da aka yi sakaci ciyawa ta cinye shi, kayan wasan suka yi tsatsa. Wannan fa a tsakiyar gari ne. Kuma kun san kuɗin fili a Accra yanzu, in masu gini suka ga wuri ya zama juji, da hujjar nan za su zo.

Dan Allah kowane bes ya ɗauki Asabar ɗaya ya fito da tsintsiya da shebur, a ware wa yara lokacinsu bayan makaranta, kuma in asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, ya kira taro kan filin ku je ku zauna a gaba, kar a bar wa dattawa kaɗai.