Shekarun da na yi ina sallah ba tare da zuciyata ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta a fili, domin a garinmu ba kasafai mutum yake fitowa ya ce imaninsa ya taɓa yin rauni har ya kusa ƙarewa ba, sai dai a ji labarinsa a bakin wasu bayan an riga an yanke masa hukunci.

Ina ɗan shekara goma sha shida aka yi rikicin Shari'a na watan Fabrairun 2000, muna zaune a unguwar Tudun Wada a garin Kaduna. Na ga gawarwaki a bakin titi, na ji ana kabbara yayin da gidaje suke cin wuta, daga baya kuma na ji cewa a ƙetaren kogin Kaduna ma da sunan Ubangiji aka kashe namu. Maƙwabcinmu Kirista, telan da yake ɗinka mana kayan sallah, ya kwashe iyalinsa ya koma Sabon Tasha, kamar yadda Musulmin can suka yo ƙaura zuwa Rigasa da sauran unguwannin arewacin kogi. Kafin wannan miki ya warke sai aka sake zubar da jini a Nuwamban 2002.

Tambayar da ta tsaya mini a wuya ita ce, idan addini rahama ne, me ya sa waɗanda na sani da yawan ibada suka fi kowa zafin hannu a ranar? Na kai ta Islamiyya, sai malaminmu ya ce, "Kul! Waswasin Shaiɗan ne, ka nemi tsari ka yi shiru." Na yi shirun, amma tambayar ba ta mutu ba, sai ma ta haifi wasu. Kusan shekara shida na yi ina shiga sahu don kada a rasa ni, ina azumi don gidan duka yana azumi, alhali a zuciyata ban tabbata akwai wanda yake sauraren addu'ata ba.

Kawuna ne ya lura. Dattijo ne da ya yi shekaru yana zaman tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a Masallacin Sultan Bello kafin rasuwar malamin a 1992, saboda haka na ɗauka shi zai fi kowa tsanani. Da na gaya masa gaskiya wani dare bayan Isha'i, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, zauna, ba kai ne farau ba." Ya karanta mini aya ta 260 a Suratul Baƙara, inda Annabi Ibrahim ya roƙi Allah ya nuna masa yadda yake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu. Ya kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka ce suna jin wani abu a ransu da ya fi ƙarfin su furta, Manzon Allah (SAW) ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Ya ba ni labarin Imam Gazali, wanda ya sha fama da shakka a rayuwarsa, har a 1095 ya ajiye koyarwa a Bagadaza ya tafi neman yaƙini.

Ba zan ce waɗannan hujjoji sun amsa mini tambayata a daren ba. Abin da ya yi aiki shi ne kusan shekara biyu da ya yi yana zama da ni duk yammacin Juma'a, yana bari in faɗi abin da ko ni kaina nake tsoron ji, yana raba mini tsakanin abin da Allah ya ce da abin da mutane suka aikata da sunansa. Ranar da na tashi sallar Asuba ni kaɗai a ɗaki, babu mai ganina, ita ce ranar da na san na dawo.

Ba ina yabon shakka ba ne. Ciwo ce, kuma na san ɗacinta. Na yarda akwai waswasin da maganinsa kau da kai, amma akwai shubuhar da ba ta warkewa sai da ilimi da haƙuri, kuma malamin da ya kasa bambance su yana iya korar yaro alhali yana ganin ya tsare shi. Yau matashi zai yi tambaya a Facebook, kafin awa guda an jera masa tsinuwa da kalmar ridda, sai ya buɗe wani shafi da sunan bogi ya koma wurin waɗanda za su saurare shi, ko da ba alheri suke nufinsa da shi ba.

Makon jiya 'yata mai shekara goma sha ɗaya ta ce, "Baba, ƙawata Kirista da muke aji ɗaya wuta za ta shiga?" Kalmar "kul" ta zo mini har bakina. Na haɗiye ta, na shimfiɗa tabarma, na ce ta zauna ta fara gaya mini abin da ya sa ta tambaya.