Rautar Gidan Alhaji Ta Shiga Kulle

Gwarinpa, Abuja, bayan La'asar. Alhaji na tsaye a tsakiyar falo, ya ɗaga waya sama kamar mai neman jinjirin wata.

ALHAJI: Injiniya, an cuce ni. Na zuba data ta wata guda cur, amma ko gaisuwar Juma'a ba ta fita a WhatsApp.

INJINIYA: Ranka ya daɗe, ina rautar, wato na'urar nan mai raba sabis ɗin intanet a gida, da na kafa muku a kan teburin nan?

ALHAJI: Tambayi Hajiya.

HAJIYA: Tana nan lafiya lau. Na adana ta.

INJINIYA: Adanawa kuma, Hajiya?

HAJIYA: Yo abu mai ƙaho huɗu, ga wayoyi sun yi masa jagwab, yana ƙifta ido dare da rana, a falon da na kashe wa kuɗi? Ƙawayena su zo su ce gidan rediyo na buɗe? Kafinta na kira tun daga Kugbo, ya huda bayan shogilas, muka tura ta ciki muka rufe.

Injiniya ya buɗe shogilas. Sai da ya sauke jeren samira, ya kawar da kuloli, ya ɗage wani faranti na silba da ba a taɓa cin abinci a kansa ba, kafin ya hango baiwar Allah a lungu, jingine da madubi.

INJINIYA: Wash! Hajiya, taɓa ki ji. Ai wannan ta isa ɗumama tuwo.

HAJIYA: Alamar tana aiki ke nan.

INJINIYA: Alamar tana shan wuya dai. Kin ga ƙananan hujojin nan na jikinta? Ta nan take shan iska. In zafi ya yi mata yawa sai ta rage gudu, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya.

ALHAJI: To, shi sabis ɗin fa? Ba iska ba ne? Me zai tare iska?

INJINIYA: Irin na rediyo ne, ranka ya daɗe. Katako yana rage masa ƙarfi kaɗan, bangon siminti ya fi cinye shi. Amma ƙarfe shi ne babban maƙiyinsa, mayar da shi baya yake yi. Shi kansa madubin nan, shafen ƙarfe ne a bayansa. Kun kewaye ta da samira ta gaba, madubi ta baya.

ALHAJI: Wato kwanukan Hajiya ne ke shan datata.

HAJIYA: Alhaji, kada ka saka kayan aurena cikin maganar nan.

INJINIYA: Kuma layi biyu gare ta, na 2.4 da na 5. Na 5 ya fi gudu, sai dai ba ya jure bango. Na 2.4 ya fi kai wa nesa, amma tafiyar hawainiya yake yi a kan ɗan'uwansa. A fito da ita sarari, a ɗora ta sama, a tsakiyar gida. In dole sai an ɓoye, a sa ta cikin kwandon kaba ko kanta marar ƙofa.

HAJIYA: Tsakiyar gida ina ke nan?

INJINIYA: Can, bakin korido.

HAJIYA: Bakin ƙofar amarya dai kake nufi.

Ashe amarya na bayan labule tun ɗazu. Dama ba a taɓa yin irin wannan zama ba tare da ita ba.

AMARYA: Yaya, ai ilimi ne ya faɗa, ba ni ba.

HAJIYA: Ilimin ya auna da tef? Daga nan zuwa ɗakina taku goma ne, zuwa naki uku.

INJINIYA: Akwai wata 'yar na'ura da ake samu a Banex, tana ƙara wa sabis nisa...

ALHAJI: Nawa?

Injiniya ya raɗa masa a kunne. Alhaji ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

ALHAJI: An gama magana. Daga yau rauta za ta bi girki. Kwana biyu nan, kwana biyu can.

HAJIYA: To yau girkina ne. Injiniya, mayar min da ita cikin shogilas.