Abin da ya tsaya mini a rai a benen Wuse 2

Makon jiya na dawo daga Abuja, inda na yi kwana huɗu a wajen ɗan yayata da ke haya a hawa na shida a Wuse 2. Tun da na sauka yaran majalisarmu suka sa ni gaba: "Kawu, da gaske akwai lif? Da gaske akwai wurin ninƙaya a cikin gidan?" Da gaske ne. Tayil ɗin ma sai da na cire takalmi don kunya, yaron yana ta yi mini dariya.

Gidan yana kusa da titin Aminu Kano. Na daɗe ina kallon allon sunan, ina tunanin Malam, jagoran talakawa, ga sunansa a unguwar da talaka ba ya shiga sai da aikin gadi ko wankin mota. To, wannan zancen wata rana ne.

Kuɗin zama a wurin ba na wasa ba ne. Hayar shekara a dunƙule ake biya, ga kason dillali, ga na lauya, ga kuɗin ajiya ko da za ka ɓata wani abu. Bayan nan kuma sai kuɗin hidima: dizal na janareta, albashin masu gadi, kwashe shara, gyaran lif. Wutarsu ta rukunin A ce, wadda a watan Afrilun 2024 aka mayar da ita naira 225 kowane yunit, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Da ɗan yayata ya lissafa mini abin da yake kashewa a shekara, na auna da buhunan geron da gonata ke bayarwa, sai na ja bakina na yi shiru.

Kuma gidan ba shi da zaure. Baƙo sai mai gadi ya buga waya an ce a bar shi. Babu tsakar gida, babu inda za a shanya kuɓewa, ragon layya ma a gidan wani abokinsa yake ɗaure shi. Yayata kwana biyu ta yi ta ce a mayar da ita, wai an rataye ta a sama kamar ƙwaryar nono a ragaya. Maƙwabcin da suke haɗa bango kuwa, shekara biyu bai san sunansa ba.

Da a nan na tsaya, da na dawo ina cika baki cewa ƙauye ya fi. Sai a daren na uku zazzaɓi ya rufe ƙaramar 'yarsa, wajen ƙarfe biyu. Muka sauko, muka shiga mota, kafin in gama addu'ar da na fara har mun isa asibiti. Titi sumul, fitilu a kunne, kantin magani a buɗe. Kafin asuba yarinya tana barci a gadonta.

A nan jikina ya yi sanyi. Mu da ke lungun Ringim mun san yadda ake yi idan naƙuda ta zo wa mace da dare a watan Agusta. A nemo mai babur, in kwari ya cika a ɗaura wa shanu amalanke, a yi ta salati har a kai bakin kwalta. Wasu sun kai, wasu a hanya aka juyo da su. Kowa a garin nan yana iya kiran sunaye.

Shi ya sa nake ganin masu zagin mazauna irin waɗannan benaye da almubazzaranci ba su gano abin ba, haka su ma yaranmu da ke lashe baki a kan bidiyon falo a TikTok. Miliyoyin nan kusanci ake saya da su: asibiti, makaranta, kasuwa da wurin aiki duk a hannunka. Labule da kujerun alfarma ƙyale-ƙyale ne kawai. Ni ban yi ƙyashin lif ba ko kaɗan, hawan farko ma cikina ya juya. Mintunan nan kaɗan tsakanin ƙofarsa da likita, su ne suka hana ni barci.

Da zan taho ɗan yayata ya ce in nema masa fili a gida, yana so ya gina mai zaure babba saboda zuwa sallah. Na ce to, amma ya fara aiko da tifa biyu ta marmara a zuba a kwarin bayan firamare, don in ba haka ba ko bulon ginin ba zai shigo gari ba sai kaka.