Alhaji Zai Yi Gudun Dogon Zango

Likita ya ce wa Alhaji ya rage ƙiba ya riƙa gudu, shi ya sa bayan sallar asuba ya fito ƙofar gidansa a unguwar Zariya sanye da babbar rigar shadda, yaronsa na biye da wayoyi uku, ya tarar da tsohon sojan da zai koya masa gudu yana jiransa.

Soja: Alhaji, sai a cire babbar rigar nan, domin ba a gudu da ita.

Alhaji: In cire riga in kama gudu a cikin Maraɗi? Kafin azahar labari ya kai Katsina cewa na karye, masu bashi ne suka biyo ni.

Soja: To, a bar ta. Juriya ake nema, ba sauri ba. Za mu fara da sassarfa ta minti 20, a hankali yadda za ka iya yin magana ba tare da haki ba, gobe ka huta, kowane mako mu ƙara kaɗan har zuciya da huhu su saba.

Alhaji: Ashe ana magana? Yaro, miƙo wayar, akwai mota biyu ta wake da ban ji labarinsu ba. Amma minti 20 na yara ne. Manya nawa suke yi?

Soja: Gudun famfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Eliud Kipchoge na Kenya ya yi shi ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019.

Alhaji: Awa biyu? Direbana ya fi shi, duk da ramukan hanya.

Soja: Da ƙafa fa, ranka ya daɗe. Abebe Bikila na Habasha ma ba ko takalmi ya ci gasar Olamfik a birnin Rum a 1960.

Alhaji: Allah sarki, talauci bai yi ba. A ce duk ƙasarsu an rasa mai saya masa takalmi! Ni da nake da nawa na fata, daga nan sai Tibiri, in gaida Sarkin Gobir in dawo.

Suka kama hanya. Alhaji ya ƙi sassarfa, ya zuba da gudu riga tana tashi, tun da ba ya yarda wani ya shiga gabansa ko a layin banki. Mai ƙosai ta ga Alhaji yana gudu, ta ɗauke kaskonta; masu kanti biyu da suka fara buɗewa suka mayar da ƙofa, don a garin nan mai kuɗi ba ya gudu sai da dalili. Wani ɗan kabu-kabu ya bi shi yana cewa a kai shi ko kyauta ne. Daidai teburin mai shayi, wanda daga ƙofar gida ana hango shi, Alhaji ya zube a kan benci.

Soja: Na ce a hankali. Ka sha ruwa, ka ja numfashi.

Alhaji: Ba gajiya na yi ba, tsayawa na yi in yi nazarin hanya. Dubi ramin can, tun zaɓen da ya wuce yake nan, har ya yi ƙane. Mai shayi, kauri, da ƙwai huɗu.

Soja: Saura minti 18.

Alhaji: Yaro, ajiye wayoyin, ka ƙarasa mintocin.

Soja: Gudun yaro ba zai sauke maka hawan jini ba.

Alhaji: Wa yake ciyar da shi? Ni. In ya ɗauko buhu, nawa ne. In ya karɓo kuɗi, nawa ne. Sai gudu ne zai zama nasa? Ga jika biyu, ka raka shi har Tibiri. In kun dawo ku biya wurin likita ya auna shi, a rubuta da sunana.