Yawon sallah aikin manya ne, a daina ɗora wa yara ragamar ƙannensu

Washegarin sallah, da an idar da azahar, titunan Kano cika suke da yara. Shadda sabuwa, ƙunshi ya kama, kitso ya zauna, kowa da 'yar jakarsa. Amma in ka lura da kyau, a yawancin tawagogin nan babu babba ko ɗaya. Akwai dai wata yarinya da ba ta wuce shekara 12 ko 13 ba, ta goya ɗaya, ta riƙe hannun ɗaya, huɗu ko biyar suna biye da ita. Ita aka ce wa "ki kula da ƙannenki". Ita ke riƙe da kuɗin mota, ita za ta yi ciniki da mai adaidaita sahu, ita za ta tsallakar da su titi. Bayan magariba kuma sai gidajen rediyo su shiga karanta cigiya: yaro ɗan shekara 4, sanye da farar shadda, wanda ya gani ya taimaka ya kai gidan mai unguwa.

A ganina mafi yawan abin da ke ɓata wa iyalai sallah daga nan yake farawa. Fita da yara a irin wannan rana aiki ne mai buƙatar shiri da idon babba, kuma mun sakar wa waɗanda su ma kansu a kula da su ya kamata.

Na san amsar da za a bayar: ai mu ma haka muka tashi. Gaskiya ne. Sai dai a wancan lokaci gidan kaka da na goggo da na kawu duk suna cikin ganuwa, ko ma a unguwa ɗaya. Yaro ya taka daga Yakasai zuwa Gwale, a hanya ba zai rasa wanda ya san ubansa ba. Yau dangi ɗaya sun warwatsu, wani yana Rijiyar Zaki, wani Hotoro, wani Mariri, wani Rijiyar Lemo. Kafin a je gida ɗaya sai an hau abin hawa biyu ko uku, an tsallaka manyan tituna masu hannu biyu. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, adaidaita sahu ta zama abin hawan talaka, kuma kujerarta ta baya ta mutum uku ce. Ranar sallah sai ka ga an cusa yara takwas, biyu a gefen direba, ɗaya ƙafarsa na reto a waje. Direban yana sauri don ya juyo ya ɗauki wasu, yarinyar da aka ba amana kuwa ba ta da bakin da za ta ce masa ya rage gudu.

To wane babba ne zai bi su? Nan fa maganar take. Uwa tun jajibere take tsaye: tuwon sallah, miya, cincin, in babbar sallah ce ga suyar nama har dare, ga baƙi suna shigowa. Ba adalci ba ne a ce ita za ta sake kwasar yara ta shiga rana. Maigida ne ya fi kowa sarari a kwanakin nan, ma'aikatu suna hutu, kasuwa ba ta cika ba. Awa uku da zai cire daga zaman majalisa sun isa. In yaran sun yi yawa, a haɗa da ƙanen uba ko wata babbar 'ya da ta mallaki hankalinta. Babba ɗaya kada ya wuce ƙananan yara uku ko huɗu, domin hannu biyu gare shi, ido ma biyu. A ƙirga su a duk shiga da duk fita: kafin a hau mota, bayan an sauka, kafin a bar kowane gida. Yawancin ɓatan yara a wajen sauka ko tashi yake faruwa, lokacin da babban yake neman canji ko yake sallama da masu gida, kowa yana zaton yaron na hannun wani.

Shirin kuwa tun kwana biyu kafin sallah yake farawa. Masu ƙunshi da yawa suna amfani da dayis don zanen ya fito baƙi wuluk, kuma akwai fatar da ba ta ɗaukarsa, sai hannu ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa daidai inda zanen ya bi. Ga ƙananan yara jan lalle na gargajiya ya fi aminci.  Sabon takalmi ma a bari yaro ya sa shi ya zaga cikin gida kafin ranar, a haɗa masa da safa, in ba haka ba tun gida na biyu dunduniya za ta saɓule, a ƙare da ɗauka. Sarƙar zinare da 'yan kunne masu tsada a bar su a gida, ba su ƙara wa yarinya komai a cikin cunkoso sai jawo idon ɓarawo, kuma mai fizgar ɗan kunne ba ya tausayin kunnen.

Kafin a fita, a rubuta sunan yaro, sunan mahaifinsa, unguwa da lambar waya biyu a takarda, a sa a aljihunsa ko a maƙala da fil a cikin riga. A ɗauke shi hoto da waya cikin kayan da ya sa a ranar, domin a lokacin ruɗewa iyaye da yawa ba sa iya tuna ko launin hular. Wanda ya kai shekara 4 a koya masa cikakken sunan babansa da sunan unguwarsu. Yaron da duk abin da ya sani shi ne "Abba" da "Umma" wahalar mayarwa gare shi, ko da ya faɗa hannun mutumin kirki.

Sai maganar lokaci. Kalandar Musulunci tana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara, shi ya sa sallolin 'yan shekarun nan suka faɗo cikin zafi. Ƙaramar sallar 2024 ranar 10 ga Afrilu aka yi ta, ta 2025 kuma a ƙarshen Maris, lokacin da zafin Kano kan kai maki 40 a ma'auni, har ya wuce. Fita tsakanin sha biyu da uku na rana da ƙananan yara cikin shadda mai kauri azabtarwa ce. A fita da hantsi a dawo kafin azahar, ko a jira la'asar. Kowane yaro da gorar ruwansa, kuma a riƙa ba shi ko bai nema ba, don ɗoki yakan mantar da yaro ƙishirwa. In ka ga leɓensa ya bushe, ya yi laushi, ya daɗe bai yi fitsari ba ko fitsarin ya yi ja, a nemi inuwa nan take, a sassauta masa kaya, a shafe shi da ruwa, a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. Masu mota kuma kada a bar yaro a ciki a kulle, ko da barci yake, ko da "yanzu zan fito" ne. Motar da ke tsaye a rana zafinta yana hauhawa cikin 'yan mintuna. Babbar sallah da ta faɗo watan Yuni a 2024 da 2025 tata matsalar daban: hadari yana haɗuwa da yamma, ruwa ya sauko, kwatoci marasa murfi su cika su ɓace a ido.

Ciki ma yana da nasa rabon. Gida biyar za a shiga, kowane gida a kawo zoɓo, kunun aya, soyayyen nama, cincin, alewa, yaro kuma ba ya cewa ya ƙoshi. Kunun aya da aka haɗa da asuba, ba wuta ba firji, kafin la'asar ya fara tsami. Shinkafa da miyar da suka wuni a kula su ma haka. Ƙa'idar masana lafiya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Dabarar ita ce a ciyar da yara sosai a gida kafin a fita. In an kawo musu abu a gidan mutane su taɓa kaɗan, sauran a ƙunsa a tafi da shi, babu wanda zai ji haushi. In kuma gudawa ta kama yaro da dare, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In akwai na leda da ake sayarwa a kemis ya fi. Idan amai ya hana shi riƙe ruwan, ko aka ga jini, ko ya galabaita, asibiti za a nufa ba sai gari ya waye ba.

Kallon hawa kuwa haƙƙin yara ne su gani, abin gadonsu ne. Hawan Idi, Hawan Daushe washegari da yamma, Hawan Nassarawa rana ta uku da safe, duk abin alfahari ne, har hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattalawa a 2024. A fara dai sauraron sanarwar hukuma, don a shekarun nan an sha dakatar da hawan. In za a yi, a je da wuri a sami wuri mai ɗan tudu, baya da titi, kada a tsaya a kwana ko a bakin ƙofa inda dawaki ke matsewa. Doki yana firgita da ƙarar bindiga, yaro ma haka, kuma yaron da ya firgita fizge hannu yake yi ya ruga. 'Yan ƙasa da shekara 5 gara su kalla a talabijin. Turmutsitsin ya fi muni bayan sarki ya wuce, lokacin da kowa ke son tafiya a tare, saboda haka ko a riga jama'a tashi ko a dakata sai an rage. Gidan zoo na Audu Bako da wuraren lilo su ma a bar su sai rana ta huɗu ko ta biyar da safe. Da an shiga a nuna wa yara wuri ɗaya sananne, a ce duk wanda bai ga 'yan uwansa ba ya zo nan ya tsaya. In an nemi yaro an rasa, babba ɗaya ya tsaya da sauran a inda aka gan shi na ƙarshe, ɗayan ya je bakin ƙofa ya sanar da masu gadi, ya nuna musu hoton. Daga nan sai ofishin 'yan sanda mafi kusa, Hisbah, gidan mai unguwa da gidan rediyo.

Abin da ya fi damuna duk da haka ba zafi ko cunkoso ba ne. A gidaje da yawa yawon sallah ya tashi daga gaishe-gaishe ya koma zuwa manyan kantuna, shan askirim da ɗaukar hoto, a dawo ba a leƙa kowa ba. Ga kuma yaran da aka saki su kaɗai, su sun mai da shi farautar barka da sallah, suna lissafin wane gida ake ba da sabbin kuɗi, wane gida ba a bayarwa. Duka biyun rashin babba ne ya jawo su. Uban da ya shiga gida da 'ya'yansa shi ne zai ce, "Ku durƙusa ku gaida Goggo, yayata ce, ita ta goye ni." Shi zai nuna musu cewa wannan Baffa ne, wancan Kawu, waɗannan abokan wasanku ne. A gabansa kaka za ta ja jikanta da tsokana tana "mai gidana ya zo, ina cefanen?", ta ce wa jikanyar "kishiya, yau kin fi ni kwalliya". Daga irin wannan ne yaro ke sanin yana da mutane. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma hadisi ingantacce ya ce mai son a yalwata arzikinsa a tsawaita rayuwarsa ya sada zumunci.

Ranar idi ta kakanni ce, na wajen uba da na wajen uwa, kada a fifita ɓangare ɗaya har ɗayan ya ji. Bayansu a fara da waɗanda ba a cika zuwa wurinsu ba: tsohuwar da ba ta iya fita, marar lafiya, matar ɗan uwa da ke riƙe da marayu, dangin da ba shi da abin bayarwa. Gidan mai hali ba ya rasa baƙi. A buga waya kafin a je, kada a tarar sun fita ko a same su ba shiri. A riƙe wani abu a hannu, goro, turare, sabulu, ko ƙullin nama, a ba yaro ya miƙa da hannunsa, don ya saba cewa ziyara kai wa ake yi. Zaman minti 30 zuwa 45 ya wadatar, gida uku ko huɗu a fita ɗaya, fiye da haka yara sun gaji sun fara rigima. A ja musu kunne tun daga gida cewa ba a roƙon barka da sallah. Rayuwa ta yi tsada, akwai dattijon da zuwan jikoki goma ke sa shi zullumi saboda aljihunsa wayam, bai kamata ziyararmu ta zama abin da zai sa shi ɓuya a ɗaki ba. In an bayar su karɓa da hannu biyu su yi godiya, kada su ƙirga a gaban mai bayarwa.

Kuɗin da suka samu kuma nasu ne. "Kawo in ajiye maka" da ba a sake jin labarinsa ba yana koya wa yaro ɓoye kuɗi da ƙarya, shi ya sa wasu ke zamewa su sayo bindigar roba mai ƙwallaye ko nokawut, abubuwan da ke raunata ido da yatsu. A ƙirga a gabansa, a ba shi kaɗan ya kashe, sauran a zuba a asusu ko a saya masa abin da zai gani da idonsa.

Kuɗin motar dawowa a ware shi daban tun daga gida, a ɗan ƙara a kai, domin da rana ta yi sanyi masu adaidaita sahu ƙara farashi suke yi, abin hawan ma wuya yake. A yi niyyar sallar magariba a gida. Gidajen da ba a samu zuwa ba a ajiye su zuwa Asabar ko Lahadin da ke biye, lokacin titi ya yi sauƙi, masu gidan ma sun huta.