An Buɗe Gari, Likitan Layi Ya Ƙara Sakata

Ranar 2 ga watan Yuli na 2020 gwamnatin Kano ta janye dokar kulle ta annobar korona. Gari ya ɗauki sowa, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Tun tsakiyar Afrilu ake zaune a gida, sai 'yan ranakun da ake sassautawa a fita cefane a dawo, kowa ya ƙagu ya ga kasuwannin Kwari da Sabon Gari sun cika. A duk layinmu ni kaɗai ne na ji sanarwar a rediyo na tashi na ƙara wa ƙofa sakata.

Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin unguwa, mutanen layi kuma likita suke ce mini, ban taɓa gyara musu ba. Lokacin kullen ina fita aiki, amma titi fayau yake, kuma duk wanda zai matso kusa da ni sai ya wanke hannu ya sa takunkumi. Na saba da duniyar da take bin doka. Yanzu an sake ta, ga shi babu allurar rigakafi tukuna, don sai a watan Maris na 2021 kashin farko ya sauka a Najeriya. Gwamna ya janye tasa dokar, amma fargabata ba ta sauraron rediyo.

Da kuɗi na fara. Duk canjin da yara suka kawo daga shago, sai na shimfiɗa shi a kan tabarma na bi shi da dutsen guga. Takardun ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar da dubu suna jurewa, har wani kyau suke yi. Amma naira biyar, goma, ashirin da hamsin na leda ne. Ina ɗora dutsen a kan naira hamsin ta nannaɗe ta manne a gindinsa, ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba. Uwargida ta leƙo daga madafa.

“Malam, kuɗin cefanen ne ake toyawa?”

Na ce kashe ƙwayar cuta nake yi. Ta ce to ai ta mutu, har da kuɗin magin. Duk wannan wahalar ba ta da amfani, domin korona ta numfashi ta fi yaɗuwa. Wanda ya taɓa kuɗi, abin da ke kansa shi ne wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, da bayan hannu da tsakanin yatsu da babban yatsa, ya kuma daina kai hannu fuska. Wannan karatun ni nake yi wa mata masu zuwa awo kowace safiya.

Sai ruwan bilic. Ƙa'idarsa a bayyane take: irin na kanti mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, ana zuba awo ɗaya a awo 34 na ruwa, wato kamar cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya, a samu kashi 0.1 na goge tebur da mariƙin ƙofa. Kullum ake haɗa sabo, don ƙarfinsa guduwa yake yi, kuma ba a gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, iska mai guba suke fitarwa. Ba a fesa wa mutum, ba a fesa wa tufafi. Ni kuwa na ga abin ya yi ruwa-ruwa da yawa, na ninka awon, kuma da maƙocina ya aiko mini da aron babbar riga ta shuɗiyar shadda, sai na ba ta nata rabon kafin ta shiga ɗaki. Da gari ya waye rigar ta yi dabbare-dabbare, fari nan shuɗi can. Har yau idan mun haɗu yana amsa gaisuwata, amma a taƙaice.

Rigar ta ɗaurin aure ce. 'Yar kawuna za a aurar, kuma kawu ba mutumin da ake aika wa uzuri ta waya ba ne. Na yi shiri: takunkumi biyu, kwalbar sanitaiza, bindigar gwada zafi a aljihun dama, na'urar yatsa mai auna iskar da ke cikin jini a na hagu. Na tare adaidaita sahu na ce zan biya kuɗin mutum uku, kada ya ɗauki kowa. Ya karɓa ya yi godiya. Ba mu yi nisa ba ya tsaya ya ɗauki mutum ɗaya a gefensa na gaba.

“Malam, ba haka muka yi ba.”

“Alhaji, baya ka saya. Gaba tawa ce.”

Gaskiya ce kuma, don haka na yi shiru. In da a natse nake, da na tuna adaidaita ba shi da ƙofa, iska na shiga tana fita ta ko'ina, ya fi ɗaki rufaffe mai fanka aminci nesa ba kusa ba. Amma na yi tafiyar ne kaina a waje, ina shan hayaƙin tirela da sunan iska mai tsabta.

Matsalar gaisuwarmu ita ce ba a yin ta da hannu ɗaya a wuce. A kama, a saki, a dafa ƙirji, a sake kamawa, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da wannan zama. Na ƙudura tun daga gida zan dafa ƙirji na rusuna daga nesa, wanda ya isa ladabi a ko'ina. Sai ga kawu ya taho da hannu a miƙe, fuska cike da fara'a. Na rikice. Maimakon ƙirji sai na tuna gaisuwar gwiwar hannu da ake nunawa a talbijin, na ɗaga gwiwa, shi kuma ya sunkuyo zai rungume ni. A haƙarƙari na same shi.

“Kai, ɗan nan! Dambe ka koyo a kullen?”

“Kawu, a gafarce ni, sabuwar gaisuwa ce.”

“To ka bar ta a asibiti. Likita bokan Turai!”

Ya kama hannuna da nasa biyu ya girgiza, ya cusa mini goro fari ƙato. Ina juyawa na zazzage wa hannun sanitaiza. Wanda yake aiki shi ne mai sinadarin alkwal kashi 60 cikin ɗari ko fiye, a shafa ko'ina a bar shi ya bushe da kansa, kamar daƙiƙa 20 zuwa 30. Kada kuma a kusanci wuta kafin ya bushe, harshensa ba ya ganuwa sosai da rana. Na faɗi wannan ne saboda mai shayin ƙofar gidan ya matsar da risho ɗinsa da ya ga yawan da na zuba.

Aka shafa fatiha, aka shiga soro cin abinci. Mutum sun fi ashirin, taga ɗaya, damina ta sa gari ya yi gumi. Na sauke takunkumi na tauna goron don na samu abin yi, ga kofin shayi mai kauri da na sha da safe cikin babu komai. A nan abin ya taso. Zuciya ta shiga bugawa, ƙirji ya ɗaure, yatsuna da leɓɓana suka fara sagewa, kai ya yi fayau kamar zan faɗi. Na ce shi ke nan, ta kama ni, kuma cikin minti goma da gaisawa da kawu. Ko kunya ban ji ba, alhali na san ƙwayar tana ɗaukar kwana biyu zuwa sha huɗu kafin ta nuna kanta, galibi biyar ko shida.

Na zaro bindigar gwada zafi na ɗora wa goshina. Ta nuna 38.6. Ga yadda aka yi: zafin fata kawai take karantawa, ni kuma na sha rana a tsaye wajen ɗaurin aure da hula a ka, ita kanta ta gasu a aljihu. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna a inuwa kamar minti goma sha biyar, na'urar ma ta saba da zafin ɗakin, a cire hula, a share gumi, a riƙe ta tazarar yatsa biyu zuwa uku daga goshi. In ana shakka a koma wa ta hammata. Na gwada ta a kan wanda ke kusa da ni, shi ma zazzaɓi. Na gwada bangon soron, ya fi mu duka jin jiki.

Sai na maƙala ta yatsa. Ta nuna 99. Lafiyayyen mutum tsakanin 95 da 100 yake, don haka huhuna ya fi na kowa a soron ƙoshi. Amma bugun zuciya 118, na rikita lambobin biyu, na ɗauka iskar ce ta wuce ɗari, na shiga tunanin wace sabuwar cuta ce wannan. Ita ma na'urar tana da nata ruɗin: yatsa mai sanyi, jan farce, baƙin lalle mai kauri ko motsi duk suna sa ta yi ƙarya.

Abin da ke faruwa a jikina sananne ne. Tsoro yana sa a yi numfashi sama-sama da sauri, jiki ya fitar da iskar kabon fiye da kima, daga nan sagewar yatsu da jiri suke zuwa. Mutum ya ji kamar iska ba ta isarsa, ya ƙara ja, abin ya ƙaru. Goro da shayi kuma suna da sinadarin da ke zaburar da zuciya. Mugun abin shi ne alamomin fargaba sun yi kama da na cutar da ake tsoro, don haka duk gwajin da aka ƙara, itace aka ƙara wa wutar.

Ana cikin haka aka miƙo tire na tsire. Na ɗauki tsinke ɗaya don na gwada ko ina jin ƙamshi, tunda ɗaukewar jin wari na cikin alamomin korona. Na kai hanci na ja da ƙarfi. Yajin ƙuli ya bi ta hanci ya sauka maƙogwaro. Atishawa uku a jere, sai tari, hawaye na zuba, ga bindigar zafi a cinyata tana nuna jar fitila.

Soron ya yi tsit. Mutanen da tun safe suke mini dariyar takunkumi biyu suka fara ja da baya da gindi. Wani ya ɗauki takalmansa a hannu. Wani dattijo ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Cikin ƙiftawar ido na samu tazarar da nake nema tun Yuli ya kama, fiye da mita biyu ta kowace kusurwa, ni da tiren tsire.

Kawu ne kawai bai motsa ba. Ya miƙo mini moɗar ruwa.

“Sha. Ka fita ƙarƙashin darbejiya ka zauna, ka daina huci kamar wanda kare ya biyo.”

Bai karanta komai a kan lafiya ba, amma abin da littafi ya ce ke nan. Na zauna a inuwa, na ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, na sake shi a hankali ta baki ina ƙirga shida, hannu a kan ciki don na tabbatar cikin ne ke tashi ba kafaɗu ba. Fitarwar ce ya kamata ta fi tsawo. Irin wannan firgicin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya sauka da kansa, in dai ba a gudu ba. Gudun shi ne tarkon: wanda ya tsere gida zai ji sauƙi nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta cewa gudun ne ya cece shi, gobe tsoron ya dawo da ƙanensa. Shi ya sa na koma soron na ƙarasa cin abinci, ko da yake babu wanda ya yarda ya haɗa kwano da ni.

Bayan nan na bi tsarin da muke ba marasa lafiya. A rubuta wuraren da ake tsoro daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a ba kowanne maki daga sifili zuwa goma. Nawa ya fara da shagon bakin layi, sai masallacin unguwa da asuba, sai teburin mai shayi, sai adaidaita da fasinjoji, can ƙarshe Kantin Kwari da tsakar rana. A shiga mataki ɗaya a tsaya har tsoron ya ragu da kamar rabi, a maimaita shi kwanaki a jere har ya zama ba komai, sannan a hau na gaba. Ba a tsallake, ba a kuma jira sai ranar da aka ji ƙarfin hali, don ba ta zuwa. Takunkumi ɗaya ya isa a cikin cunkoso, gefe mai launi a waje, ƙarfen a matse kan karan hanci, a canza shi in ya jiƙe. Alƙaluman masu kamuwa na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da nake jira kowane dare kafin barci na mayar da dubawarsu sau ɗaya da rana. Goro bayan la'asar na bar wa kawu. Na'urorin biyu kuwa uwargida ta kulle su a kwabarta, ta ce sai wani ya kwanta da gaske za su fito.

Akwai inda ƙirga huɗu da shida ba ya aiki. Numfashin da bai daidaita ba bayan an huta, ciwon ƙirji da ya ƙi tafiya, leɓe ya canza launi, ko na'urar yatsa ta tsaya ƙasa da 92, wannan asibiti ne kai tsaye. Haka wanda fargaba ta hana shi barci ko fita nema makonni a jere, ya ga likita. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a je kemis a sayi ƙwayar barci irin su baliyam ba da takardar likita ba. Tana kwantar da hankali yau, jiki ya saba da ita, a wayi gari matsala ta zama biyu.

Ranar da na kai matakin Kwari, shadda na je saya, yadi goma, shuɗiya, ta biyan maƙocina. Mai shagon ya miƙo hannu na kama har da girgizawa. Ya ba ni canji na cusa a aljihu ko dubawa ban yi ba, ina ta murna da kaina har gida. Sai da dare uwargida ta ƙirga ta ce saura naira ɗari biyar.