Ruwan Gudel: na sha ne ko na wanka?

Duk shekara in Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 43, maganar guda ce a Yamai: yara sun tafi kogi. Iyaye su yi faɗa, malamai su yi wa'azi, hukuma ta fitar da sanarwa a radiyo, washegari da la'asar ka je bakin kogi a unguwar Gudel ka ga samari cike da ruwa, babura jere a kan yashi, wani ma ya kawo butar shayi da gawayi an kafa fada. Ni dai ra'ayina hanin nan ba ya aiki, gara a shirya wurin.

Amma a fara sanin me ya sa ruwa ke kwanciya a wajen. A 1985 kogin Isa ya tsaya cak a Yamai, mutane suna tsallakawa da ƙafa, bayan wannan tsoron ne aka gina ɗan barajin Gudel a ƙarshen shekarun 1980, dan ya riƙe ruwa lokacin rani, injinan tace ruwa na Gudel da Yantala su samu abin ja. Wato ruwan nan da yaro ke ninƙaya ciki, wani ke wanke babur da omo, wani ya zubar da baƙin mai, shi ne gobe zai fito a pompon gidanka, shi ne ɗan garuwa zai turo maka a bidon. Ana tace shi kam, amma ko wane datti da aka ƙara ƙarin magani ne, ƙarin kuɗi ne, kuma a faktirinmu yake ƙarewa.

To masu cewa a rufe wurin kwata-kwata a sa jandarma suna da hujja, ban raina ta ba. Akwai tsargiya, wadda duk lokotoro zai gaya maka a ruwa mai kwanciya ake ɗaukarta, akwai ramukan da masu ɗibar yashi suka bari, yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa sai kawai ya ɓace, akwai dorina, wadda ba ta san wasa ba. Sai dai ina tambaya, ɗan talaka da ke ɗaki guda na kwano a Boukoki ko Talladjé, wuta ta ɗauke, ba fanka, ina za shi? Pisin na otal jikka nawa ne shiga? Wanda ke da klim a ɗaki da mota shi ke da saurin cewa a hana.

Abin da nike gani mai sauƙi ne a faɗa, kuma bai kai kuɗin gada guda ba. Sama da inda ake jan ruwa a killace, ba wanka ba wankin mota ba zubar da shara, wannan kam ko da tara ce a ci. Can ƙasa da baraji kuma, nesa da inda ruwa ke zuba da ƙarfi dan nan ne ya fi cin mutane, kuma kafin a kai bakin Gountou Yéna, rafin da ke kwaso dattin gari, meri ta zaɓi wuri ta auna zurfinsa, ta ja igiya da alama, ta yi rumfuna da makewayi, mata da ƙananan yara su samu gefensu. Masu tsaro kuwa ba sai an nemo daga nesa ba, ga sorkawa nan da kwale-kwalensu, sun san kogin nan rami-rami, a ba su albashi na wata uku su zauna tare da pompiye. Mai tsire da mai kankara su biya ɗan kuɗin wuri, da shi a kwashe leda.

Dalilin da ya sa nike matsa maganar yanzu shi ne babban barajin Kandaji da ake ginawa a kan kogin Isa. Tandja ya aza tubalinsa a 2008, Issoufou ya sake tada aikin a 2019, har yau dai muna jira, amma ranar da aka gama za a samu tafki babba wajen kilomita 180 sama da Yamai, da wutar megawat 130, kuma mutane za su yi tururuwa zuwa kallo da hutu ko an shirya ko ba a shirya ba. In mun kasa tsara 'yar gaɓar Gudel da ke cikin gari, gaban idon magajin gari, wa zai tsara waccan?